Jar lambar kulob a Melbon: amsa kan Peugeot 504 mai injin 505

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji, na saurari muryarka, na kuma ga hotunan. Bari in maimaita saboda waɗanda ba su buɗe ba. Alhaji ya sayi Peugeot 504 ƙirar 1978 a nan Melbon ta ƙasar Ostireliya, ba rajista a kanta. Wanda ya sayar masa ya cire injinta na asali ya dasa na 505 GTi, ya sauke ta ƙasa, ya sa mata faffaɗan rim. Yana son ya yi mata jar lambar nan ta 'yan kulob don fitar Asabar da Lahadi. Tambayarsa: daga ina zai fara, kuma za su karɓe ta a haka?

To Alhaji, za su iya karɓarta, amma ba da lambar da kake zato ba, kuma ba da takardun da ke hannunka yanzu ba. Injin nan shi ne duk maganar.

Ka fara sanin abin da kake nema tukuna. A jihar Biktoriya abin nan ba cikakkiyar rajista ba ce, izini ne da VicRoads, hukumar rajistar motoci ta jihar, ke bayarwa, suna ce masa club permit. Sharaɗinsa biyu: mota ta haura shekara 25 da ƙerawa, mai ita kuma ya zama ɗan wani kulob da VicRoads ta amince da shi. Wanda ya ce maka shekara 30, labarin Sidni yake ba ka. A New South Wales ne ake 30, da kwana 60 a littafi ban da fitar da kulob ya shirya. Mu nan kwana 45 ne ko 90 a shekara, ka zaɓa. In ka ɗauki 45 suka ƙare kana iya ƙara wasu 45, amma 90 ne iyaka. Kuɗinsa bai kai sulusin na cikakkiyar rajista ba, shi ya sa kowa ke rububinsa.

Kuma shekarun nan daga ranar da aka ƙera ita motar ake ƙirgawa, ba daga shekarar da samfurin ya fito ba. Na faɗi haka ne don masu mafarkin ɗauko 504 daga gida. Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da bari, don haka ba kowace 504 ce tsohuwa a takarda ba.

Yanzu lambar. Kalarta ɗaya ce, ja mai duhu da farin rubutu, amma harafin da ke jiki ya bambanta. Mai H ta motar da take yadda kamfani ya yi ta ce, ko aka ɗan taɓa ta cikin abin da doka ta yafe. Mai M, wadda aka shigo da ita a 2015, ta motar da aka sauya ce har ta wuce wannan iyaka. Iyakar tana rubuce a takardu biyu na VicRoads, VSI 8 da VSI 33. Ta biyun tana sassauta wa motocin da aka ƙera kafin 1969, to taka ta 1978 ce, sassaucin bai shafe ta ba.

Ga lissafin injin. Ka'idar ita ce, in ka sa injin da kamfani da kansa yake sakawa a irin wannan mota, ko makamancinsa wanda ƙarfinsa bai ɗara na asali da kashi 20 cikin 100 ba, ba ka bukatar injiniya. Injin 504 mai kafireta, lita 2, doki 90 da 'yan kai yake bayarwa. Na 505 GTi lita 2.2 ne mai injekta, yana kusan doki 130. Ka ga ya tsallake kashi 20 nesa ba kusa ba, kuma Peugeot ba su taɓa sa shi a 504 ba. Kenan dole sai takardar VASS, wato injiniyan da hukuma ta ba izinin duba sauye-sauye ya sa hannu. Da takardar za ka samu M. Ba ita, babu H babu M.

Saboda haka gobe da safe ka kira wanda ya sayar maka, ka tambaye shi ko ya taɓa yin VASS. In ya ce ya yi, ya turo takardar, ka gwada lambar shasi da lambar inji da ke jiki da waɗanda ke kan ƙarfen motar, harafi bayan harafi. Takardar abin da aka rubuta a cikinta kawai take rufewa. In an yi ta don inji, daga baya ya sauke motar ya canza rim, waɗannan ba sa ciki. In kuma ya fara “ai shekara biyar ina hawanta ba wanda ya tare ni”, to babu ke nan.

Shi injiniyan ba ƙarar inji zai saurara ba. Zai shiga ƙarƙashi ya duba mazaunin inji, waldar da aka yi mai kyau ce ko ɗori ne, ko an yanke wani ƙarfe na shasi don injin ya zauna, ko wani abu yana gogar sitiyari. Zai bi layin mai, domin injekta na aiki da famfo mai matsi sosai, tiyon kafireta na da ba ya ɗauka, tsagewa yake ya fesa fetur kusa da salansa. Zai duba ko an cire kayan rage hayaƙi. Zai gwada birki a kan titi, nan kam 504 salun tana da sa'a, faifai ne da ita gaba da baya. Zai auna ƙarar salansa: motar kafin 1983 an yarda mata har desibel 96, ta bayan nan 90.

Sai saukewar. Ka samu tef ka auna a kan siminti shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. Mafi ƙasƙancin abu a ƙarƙashin motar, galibi tukunyar salansa ce, kada ya gaza milimita 100 daga ƙasa. Saukewa kuma in ta wuce milimita 50 daga tsayin kamfani, ta koma hannun injiniya. A hoto na uku da ka turo, sifirin ɗin gaba kamar yanke shi aka yi, bakinsa na sama bai zauna cikin kofinsa ba. In haka ne ka cire shi kawai, ba mai sa maka hannu a kai. Ka ɗaga motar da jak, in sifirin ya yi lako-lako har kana juya shi da hannu, magana ta ƙare.

Rim ɗin ma ina da shakka. 504 hujinta huɗu ne a kan da'irar milimita 140, awon da ba kasafai ake samun rim na kwalliya da shi ba, shi ya sa mutane ke cusa faranti a tsakani don rim ɗin wata mota ya shiga. Faranti irin wannan, in ba kamfani ne ya sa shi ba, ba a yarda da shi. Ka cire taya ɗaya ka leƙa. Ban da haka, tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu kada ta ƙaru fiye da milimita 25, faɗin taya kada ya wuce kashi 30 cikin 100 a kan mafi faɗin da kamfani ya ba motar, kuma kada ta leƙo waje da bodi. Shawarata, ka nemi rim ɗinta na ƙarfe ka mayar, ka rage wa kanka abin da injiniya zai caje ka a kai. 'Yan kulob ɗin Peugeot suna da su jibge a gareji.

To jerin aikin, don a nan ake asarar kuɗi. Kafin ka kashe ko sisi, ka shiga shafin PPSR ka biya dala 2, ka sa lambar shasi. Zai nuna maka ko akwai bashi a kanta, ko ta sata ce, ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta mutu. Motar 1978 ba ta da VIN mai harafi 17, sai ka zaɓi neman da lambar shasi. Daga nan ka shiga kulob, amma ka tambaye su tun kafin ka biya: kuna sa hannu wa M? Wasu kulob na motocin asali ne zalla, wasu kuma sai ka yi watanni kana halartar taro kafin su sa maka hannu. Sannan injiniya, ya zo ya gani ya rubuta maka abin da za a gyara. Sannan gyara. Takardar lafiyar mota, roadworthy, ita ce ta ƙarshe, domin kwana 30 kacal take rayuwa. Mutum ya yi ta da wuri don zumuɗi, injiniya ya riƙe shi wata biyu, ta mutu, ya sake biya.

A wajen roadworthy abin da ke kayar da 504 sananne ne. Tsatsa a dogarin ƙofa da daɓen ƙasa da inda shokozoba na gaba ke ɗaure. In ta ci ƙarfen da ke ɗauke da nauyi, walda za a yi, ba a yarda da cike da foti a shafe da fenti. Ka ɗaga kafet ka danna da sukurdireba, za ka sani. Sai ɗigar baƙin mai, bushin da ya tsage, wasa a sitiyari, gilashin gaba da ya tsage ta gaban direba, bel ɗin kujera da ya zaizaye, da tayar da zanenta bai kai milimita 1.5 ba.

In duk sun kammala, jami'in kulob zai duba motar da idonsa, ya ɗauki hotuna masu kwanan wata: gaba, baya, gefe, mazaunin direba, lambar shasi, lambar inji. Zai sa hannu a fom ɗin neman izini da fom ɗin shaidar cancanta. Ka haɗa su da roadworthy da VASS da rasit ɗin saye ka kai VicRoads, su ba ka lamba, da sitikar gilashi, da littafin fita.

Littafin nan, Alhaji, ka riƙe shi da kyau. Duk ranar da motar za ta wuce mita 100 daga inda take kwana, sai ka cike layin ranar kafin ka motsa: kwanan wata, suna, sa hannu. Ko gidan mai na kan kwana za ka, kwana ɗaya ya tafi. In kuna walima sha biyun dare ta wuce kana waje, sabuwar rana ce, ka cike wani layi kafin ka tada mota. Ba a cike na gobe a ajiye. Ɗan sanda ya tare ka layi ba komai, tara zai rubuta maka, tarar kuma ta fi kuɗin izinin shekarar. Ka ɗaure biro a jikin littafin, ka bar shi a aljihun mota.

Haka in kuɗin kulob ɗinka ya ƙare ba ka sabunta ba, izinin ya faɗi ko da sitika na nuna saura wata shida. Kowace shekara ma sai kulob ya sake sa hannu kafin ka sabunta.

Ba a neman kuɗi da ita. Ɗan'uwa ya roƙe ka ka ɗauko amarya don zumunci, bismillah, ka cike littafi ka tafi. Ka karɓi kuɗi a kai, ko ka yi kai saƙo da ita, ka karya sharaɗi. Sannan abin da ke cikin kuɗin izinin na TAC ne, wato hukumar inshorar haɗarin hanya ta jihar, raunin mutane yake rufewa, ba ya biyan motar da ka buga. Ka yi inshora daban, ka kuma gaya musu gaskiyar injin da ke ciki, don in ka ɓoye ranar haɗari za su gano su ƙi biya. Ranar da za ka sayar kuma, lambar ba ta bin mota, mai saye daga farko zai faro da nasa kulob.

In kuɗin injiniya ya yi maka nauyi, akwai hanya ta biyu: ka nemi injin 504 na asali mai kafireta ka mayar, da sifirin da rim na kamfani, ka sayar da na GTi, ka tafi H ba tare da VASS ba. Ka sa makaniki ya yi maka kiyasin duka biyun. Amma kafin nan, turo mana hoton lambar inji, da farantin da ke cikin bonet, da bayan taya ɗaya bayan ka cire rim.