Igiyar Ba-zata da Tudun Ƙarƙashin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wata igiyar ruwa da ta tashi ita kaɗai ta lulluɓe gaban jirgi, aka ce canjin zurfin teku ne sila. Yaya abin da yake can ƙasa zai ɗaga ruwan sama? Daga mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Masana suna kiran igiya ta ba-zata ne idan tsayinta ya haura ninki biyu na manyan igiyoyin da ke kewaye da ita. An daɗe ana ɗaukar labarinta ƙarin gishirin matuƙa jirgi, sai ranar 1 ga Janairu, 1995, da na'urar dandalin iskar gas na Draupner a tekun da ke tsakanin Birtaniya da Norwe ta auna wata mai mita 25.6, alhali matsakaicin tsayin manyan igiyoyin da ke kewaye da ita kimanin mita 12 ne.

Igiya ba a saman ruwa kaɗai take motsi ba, domin motsinta yana nutsawa har kusan rabin tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa. Idan ta baro zurfi ta hau tudun ƙarƙashin teku, sai gudunta ya ragu, tazarar ta matse, ƙarfin da take ɗauke da shi kuwa ya rasa wurin zuwa sai sama. Mai karatu ya tuna titin Zariya da yamma, inda motocin gaba suke taka birki, na baya su taru a kansu. Ban da haka, ɓangaren igiyar da ke kan tudu yana jan ƙafa, na gefe yana gudu, sai ta lanƙwasa ta tattaru wuri guda, kamar yadda yara suke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda.

Abin da ya fi ɗaure kai, a ganina, shi ne gwaje-gwajen da aka yi a dogayen kwatamai na ɗakunan bincike, waɗanda suka nuna cewa idan canjin zurfin ya zo farat ɗaya, manyan igiyoyin sun fi yawaita daf da inda hawan ya ƙare, kafin ruwan ya daidaita.

Sai dai ba kullum ƙasan teku ne sila ba. A gaɓar Afirka ta Kudu, ƙaƙƙarfar kwararar ruwan teku mai suna Agulhas ce take karo da igiyoyin da ke tahowa daga kudu, ta tsuke su har su miƙe tsaye.