Dalilin da Muke Bin Gidaje Sallama

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce tun da yanzu jirgin sama ke ɗaukar alhazai daga Kaduna ko Kano ya sauke su Jidda cikin 'yan awoyi, me zai hana ka kira dangi a waya maimakon bin gida-gida neman gafara? Tambayar ta yi kyau, amma sai ka ji asalin abin a gidanmu tukuna.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, da iyalinsa gaba ɗaya ya bar birnin Zazzau, har da Inna tana goye da mahaifinmu. Kafin ya fita sai da ya biya bashin da ake binsa, ya mayar da ajiyar mutane, ya bar wasiyya gaban shaidu, ya sa likkafani cikin kayansa. A zamanin nan wanda ya nufi gabas ba a sa masa ranar dawowa. Suka bi ta Kano da Barno, suka shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka wuce Abeche da Fashir har El Obeid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Guzuri ya ƙare a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, kusa da Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Amma abin da Inna ba ta gajiya da faɗa shi ne Bahar Maliya. Mace ce da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce Kubanni da Galma ba sai a wannan tafiya, ga ta a Sawakin gaban ruwa marar iyaka. Jirgin na katako ne, ba inji, iska ce ke tura wani makeken ƙyalle da aka ɗaura a doguwar sanda. In iska ta kwanta, sai a tsaya cak a tsakiyar teku, ana auna ruwan sha ɗan kaɗan-kaɗan, ga amai, ga zafin rana. Wani dattijo abokin tafiyarsu ya rasu a ciki, aka sallace shi, aka sa shi a ruwa. Ta ce kwanciyar hankalinta guda a lokacin, ta san babu mai riƙe da ita a zuci a gida.

Sun dawo bayan shekaru, mahaifinmu har ya fara sallah. Tun daga nan ba wanda ke tafiya Makka daga gidan nan bai taka ƙafa ya je wurin kowa ba. Jirgi ya rage nisa, gaskiya ne, amma haƙƙin mutane na nan yadda yake, kuma waya ba ta nuna maka fuskar wanda ya ce ya yafe.

Ka fara da gwaggonka ta Ƙofar Doka, ita ce babba, sannan kawunnanka na Tudun Wada. Ka tafi da goro. Wanda ke binka kuɗi ka sallame shi kafin ranar Juma'a, sai ka zo mu zauna kan wasiyyar.

Baffanka.