Jinin ranar hatsarin za ku bi, ba sabon jini ba

Wa'alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba ƙanin naki lafiya, da shi da wanda aka buge. Kin ce motar hayarsa ta yi hatsari wajen Kwangila mako biyu da suka wuce, an ɗibi jininsa a asibiti, yanzu 'yan sanda sun ce an ga ƙwaya a ciki, shi kuma ya rantse ko sigari ba ya sha. Kina tambaya ko ku kai shi a sake gwada shi. Na yi shekara 19 ina aikin leb, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wani asibiti nan Zariya, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Zancen ɗibar sabon jini ku bar shi, asarar kuɗi ce. In tiramol ne misali, duk bayan kamar awa shida rabinsa ke barin jini, bayan 'yan kwanaki ba a samun komai. Ko kun kawo sakamako fes, ba ya shaidar halin da yake ciki ranar da ya riƙe sitiyari. Ragowar wancan jinin shi ake sake aunawa.

Amma kafin nan, ku binciki ƙarfe nawa aka ɗibi jinin, ƙarfe nawa kuma aka yi masa allurar farko. Wanda aka kawo da karaya yana ihu, ba wanda zai tsaya jiran ɗan sanda. Allurar kashe ciwo ake danna masa, sau da yawa tiramol ɗin ne ko fentazosin, wani lokaci har da baliyam. Na taɓa ganin haka a kan wani direban tifa, dattijo mai furfura. An yi masa allura bayan la'asar, ba a ɗibi jinin da aka ba hukuma ba sai dab da magariba. Har a unguwarsu an fara kiransa ɗan ƙwaya. Takardar da nas ke rubuta lokacin ba da magani ita ta wanke shi, ita ma sai da muka yini muna tonon fayil, don an cusa ta cikin na wani mara lafiya.

Sai irin gwajin. Akwai na sharar fage, mai sauri da araha, wanda kamannin ƙwayar yake bi, shi ya sa yakan yi tuntuɓe. Rifamfisin na masu tarin fuka kan fito kamar dangin kodin, wasu magungunan mura kuma su fito kamar ƙwayar hana barci. Na tabbatarwa shi ne na injin GC-MS ko LC-MS, mai faɗin sunan maganin da adadinsa. In takardar da ke hannun 'yan sanda ba ta da adadi, ku tambaya wane gwaji aka yi. Ku tattara duk maganin da yake sha da katin likitansa.

Inda nake jin tsoro shi ne ajiya. Jinin irin wannan shari'a a kwalba mai toka-tokan murfi ake sa shi, mai sinadarin hana lalacewa, a firji tsakanin digiri 2 da 8, in zai daɗe a daskarar da shi. To kin san wutarmu. Firjin da ke kwana a kashe ba ya riƙe amana. Kuma dole a ga rubutu: wa ya ɗiba, wa ya karɓa, wa ya kai, an like bakin kwalbar ko ba a like ba. Kada ki ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A 2017 an gano an yi wasa da alƙaluman gwaji a wani leb na Manchester a Ingila, abin ya shafi shari'o'i fiye da 10,000, akasarinsu na tuƙi, sai da aka koma kan tsofaffin samfura, aka soke wasu hukunce-hukunce. Su abin da ya cece su, akasarin jinin yana nan a ajiye.

Don haka lauya ya rubuta takarda tun yanzu a adana ragowar, sannan ya roƙi kotu a aika shi wani leb na daban. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma damar shirya kariyarsa. In ba halin biyan lauya, ku nemi ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya. Kada ku je da kanku ku karɓo kwalbar, da ta shiga hannunku ta tashi daga shaida.

Hajiya, ki yi haƙuri da wannan. Na san 'yan tasha, da yawa ba sa ɗaukar abin da mai shayi ke jefa musu a kofi a matsayin shaye-shaye, maganin gajiya suke ce masa. Ki ja ƙanin naki ɗaki ku biyu, ba a gaban Inna ba, ki tambaye shi abin da ya sha da safen nan. In ya sha, injin zai faɗa har da adadi, kuma ku ne kuka biya kuɗin gwajin.