Gidansa ne, kai aiki ka zo

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce a makonka na farko ka share wa mutumin da kake kula da shi ɗaki, ka wanke kwanuka, ka dafa masa abinci, sai manaja ta ja ka gefe ta ce ba haka ake yi ba. Kana tambaya, in wannan ba kulawa ba ce, to mece ce?

Fara duba takardar haya. A tsarin da ake zaunar da masu jinkirin fahimta a gidajensu a nan Ingila, sunan mutumin ne a kan takardar, ba na kamfaninku ba. Ita ma CQC, hukumar da ke sa ido kan ayyukan kulawa a Ingila, aikin da kuke yi masa take dubawa, ba ginin ba. Don haka ka ƙwanƙwasa kafin ka shiga ko da makulli na aljihunka, kuma kada ka sauya masa tashar talabijin.

Mu an tarbiyyantar da mu cewa in ka ga mai rauni ka karɓe masa aiki, lada ne. A nan karɓewar ce ke cutar da shi. Shayin da kai za ka haɗa cikin minti biyu, shi zai kai kwata na awa a kansa, ya zubar da madara a tebur, ya manta inda ya ajiye cokali. Ka maida hannunka baya. In ya tsaya yana kallon buta, ka nuna masa maɓallin da yatsa, kada ka danna. In madara ta zube, miƙa masa tsumma. Ka yi wata shida kana yi masa, hannunsa ya mance, a rubuta a fayil cewa ba ya iyawa, wanda zai zo bayanka kuma ya gaskata.

Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce ana ɗaukar mutum yana da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi, kuma zaɓin da kake ganin wauta ne ba ya zama hujjar cewa ba shi da ikon. Wata rana zai ce naman alade yake so da safe, ko a raka shi mashaya. In akwai abin da addininka bai yarda ka taɓa ba, faɗa wa manaja tun da wuri a gyara jadawali. Hana shi kuwa ba huruminka ba ne.

Inda ba a ja da baya shi ne lafiyarsa, kuma a nan nake gane ma'aikacin kirki. Da yawansu ba za su ce maka "ina jin ciwo" ba. Sai dai ka ga wanda ke cinye farantinsa ya fara ture shi, ko yana dukan kuncinsa, ko ya ƙi zama. Kafin wani ya ce rigima ce a ba shi maganin kwantar da hankali, a duba haƙori, kunne da ciki. Richard Handley, mai jinkirin fahimta ɗan shekara 33 a Suffolk, ya rasu a 2012 saboda cushewar ciki, abin da ake iya magancewa. Connor Sparrowhawk, shi ma mai jinkirin fahimta, ɗan shekara 18 mai farfaɗiya, ya nutse a bahon wanka a wani sashen jinya na NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, a Oxford a 2013. Wannan takardar rubuta fitar bayan gidansa da kake jin ƙyashin cikewa, ka cike ta da gaskiya, a kan lokaci. Kada ka rubuta "lafiya lau ya wuni". Rubuta me ya ci, nawa ya sha, me ya bambanta da jiya.

Sai abin da ka gani a hannun abokan aiki. A 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ake azabtar da mutane a Winterbourne View, wani asibitin masu jinkirin fahimta kusa da Bristol. Wani ma'aikacin jinya ya riga ya kai ƙara, ba a saurare shi ba. Daga baya ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6. Na san bizarka tana rataye da kamfanin da ya ɗauke ka, na san tsoron. Duk da haka, in ka ga an tsawata masa, an kulle masa firji ba bisa tsari ba, ko an taɓa kuɗinsa, rubuta ranar da lokacin, ka kai wa manaja. In ta yi shiru, akwai sashen kare manya masu rauni a ƙaramar hukuma, akwai CQC.

Gobe ka je da wuri ka karanta tsarin kulawarsa daga farko har ƙarshe, musamman shafin haɗiyar abinci. Ka kuma tambaya yaushe aka kai shi binciken lafiya na shekara-shekara wurin likitansa, domin haƙƙinsa ne tun daga shekara 14.