Amsa ga mai tambaya kan zaɓukan Turai, daga wanda ke zaune a gabashin Jamus

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya tambaya wai me ya sa duk zaɓen da aka yi a Turai sai a ji masu ƙyamar baƙi sun ƙara ƙuri'a, shin da 'yan siyasarsu Turawa suka gaji ko da mu suka gaji, bari in ɗan sa baki. Tun 2014 nake Jamus, karatu ya kawo ni aiki ya riƙe ni, kuma a Leipzig nake cikin jihar Saxony, wato gabas, inda abin ya fi ƙamari. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Mu a gida in mutum ya gaji da 'yan siyasa sai ya ce duk kanwar ja ce ya yi zamansa, shi ya sa zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya ko kashi 30 cikin ɗari ba su fita ba. Italiya ma kusan haka take, a zaɓen Majalisar Turai na 2024 waɗanda suka fita ba su kai rabi ba. Amma Bajamushe in ya gaji fitowa yake yi ya huce a akwati. Zaɓen 23 ga Fabrairu 2025 kashi 82.5 suka fita, rabon da a ga haka tun kafin haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990, kuma a wannan zaɓen ne AfD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta Jamus, ta samu kashi 20.8, ninki biyu kenan na abin da ta samu a 2021, ita kuma jam'iyyar SPD ta Olaf Scholz da ke kan mulki a lokacin ta tashi da 16.4. Da aka nuna taswira a talabijin da daddare kusan duk gabas shuɗi ne, kalar AfD kenan.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare a sito, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, ya kusa shekara 60. A tsohuwar Jamus ta Gabas aka haife shi, masana'antar da ya koyi aiki a ciki an rufe ta bayan haɗewa, ya yi shekaru yana yawon ƙananan ayyuka, yanzu in ya lissafa fanshon da zai samu sai kawai ya yi dariya. Ƙauyensu an rufe reshen banki, likitan garin ya yi ritaya ba a samu madadinsa ba, bas kuwa in ta wuce ka da yamma to ka nemi mai rage maka hanya. Mutumin nan shi ke sauke ni a tasha duk ran da muka yi aikin dare, ya san ba na cin alade, in matarsa ta yi kek sai ya ce min ci babu komai a ciki. Ranar nan muna hutu yana shan kofi ya ce min kai tsaye shi AfD ya zaɓa. Wai ya zaɓi CDU, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya gani, ya zaɓi SPD ya gani, har masu ra'ayin hagu ya taɓa gwadawa, ba wanda ya san da zamansu sai lokacin liƙa fasta. Sai ya dafa ni ya ce kai ba da kai nake ba, kai kana aiki kana biyan haraji. Na ce masa to wanda zai tare ni a tashar jirgi da tsakar dare takardar harajina zai fara dubawa ko fatata? Shiru ya yi, ya ƙarasa kofinsa muka koma aiki.

Wannan kalmar ta ba da kai nake ba, wallahi na ji ta ya fi a ƙirga.

In ka bi diddigi, a aljihu abin ya fara. Da Rasha ta shiga Ukraine a 2022 kuɗin gas ya tashi, ni kaina da takardar cikon kuɗin ɗumama ɗaki ta zo sai da na zauna na sake karantawa ko idona ne. Döner, wato shawarmar Turkawa da talaka ke ci a tsaye, na zo na tarar da ita Yuro 3 da ɗoriya, yanzu 7 ko 8. Haya ba a magana. Ana cikin haka gwamnatin haɗin gambizar jam'iyyu uku ta kawo dokar canza na'urorin ɗumama gida a 2023, masu tsofaffin gidaje a ƙauyuka suka tsorata, su kuma ministoci kullum faɗa a jarida har gwamnatin ta rushe a Nuwamba 2024. AfD ɗin ma ai da aka kafa ta a 2013 ba maganar baƙi ta sa a gaba ba, rigimar kuɗin Yuro ce da ceto ƙasashe irin su Girka. Sai da shugabar gwamnati ta lokacin Angela Merkel ta karɓi 'yan gudun hijira kusan dubu 900 a 2015 sannan suka gano inda kasuwa take. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma kar wani ya ce na wanke su. Akwai masu ƙyama ta gasken gaske a ciki, ba fushin aljihu ba. Björn Höcke, shugaban AfD na jihar Thuringia, kotu ta ci shi tara sau biyu a 2024 kan furta taken 'yan Nazi da doka ta hana, kuma duk da haka a Satumbar shekarar jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya a jihar da kusan kashi 33. A Janairun 2024 kuma labari ya fito na wani taron sirri a garin Potsdam da wasu 'yan AfD suka halarta, inda aka tattauna yadda za a kwashe baƙi a mayar da su, har da masu fasfo, dubban ɗaruruwa suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, ni ma na fita cikin sanyin nan. Gaskiya kuma a faɗe ta, hare-hare irin na Solingen a Agusta 2024 da wani mai neman mafaka ya kashe mutum uku da wuƙa sun yi mana illa sosai, washegari in ka shiga jirgi kana jin idanu a bayanka.

Sauran ƙasashen ba zan cika ku da surutu ba tunda ba a can nake ba. Faransa dai jam'iyyar Marine Le Pen ta samu sama da kashi 31 a zaɓen Turai na Yuni 2024, a daren Macron ya rushe majalisa. Holand Geert Wilders ya zo na ɗaya a 2023 da kujeru 37 cikin 150. Italiya Meloni ke mulki tun 2022.

To ga inda ya shafe mu, kuma nan nake so mai tambaya ya nutsu, don na ga kamar yana da niyyar tahowa. AfD ba ta cikin gwamnatin tarayya, sauran jam'iyyu sun ce ba za su haɗa mulki da ita ba, har suna suka sa wa abin, katangar wuta. Sai dai ba sai ta hau ba ake aiwatar da maganarta, don manyan jam'iyyun suna tsoron ƙuri'unsu su tsere sai su riga ta. Tun Satumba 2024 ake bincike a duk iyakokin ƙasa na Jamus, kuma gwamnatin SPD ce ta kawo shi, Friedrich Merz na CDU da ya zama shugaban gwamnati a Mayu 2025 ya ƙara tsaurarawa. A gefe guda kuma ƙasar tsufa take yi, gidajen kula da tsofaffi da asibitoci neman ma'aikata suke ido rufe. Wanda ya zo da bizar karatu ko ta koyon sana'a, ya riƙe yaren tun daga gida, ƙofa a buɗe take har yanzu. Wanda zai bi ta Agadez da Libiya ya zo neman mafaka kuwa, ina roƙonsa da Allah ya haƙura, ɗan Najeriya da wuya a amince masa, sai dai shekaru a sansani da zullumi.

Ni dokar da ta fara aiki a Yuni 2024, wadda ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, ita ta sa na karɓi nasu ba tare da na saki koren fasfonmu na Najeriya ba, kuma zaɓen Fabrairun 2025 shi ne na farkona. Takardar gayyata ta zo ta gidan waya, ranar Lahadi na taka zuwa wata firamare a unguwarmu, ba soja ba ɗan sanda, ba tawada a yatsa, biro ne kawai a bayan kwali, minti biyar na fito. Ran Litinin dattijon nan ya tambaye ni ko na je, na ce na je, bai tambayi wa na zaɓa ba don ya sani. Har yau shi ke sauke ni a tasha, sai dai in lokacin labarai ya yi a rediyo sai ya mayar tashar kiɗa.