A ganina kada Detroit ta rabu da Skubal a wannan hunturu

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa domin ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce a Detroit kake zaune, Tigers kake goyon baya, kuma tun da kakar 2025 ta ƙare ba a da zance a rediyo sai na Tarik Skubal, gwarzon mai jifa na wannan ƙungiya ta besbol: shin ƙungiyar ta miƙa shi ga wata mai kuɗi ta karɓi yara masu tasowa, tunda kwantiraginsa zai ƙare bayan kakar 2026, ko kuwa ta riƙe shi ko da a ƙarshe zai tafi a banza?

Ni dai ra'ayina a riƙe shi. A yankin Washington nake, Nationals nake bi tun kafin ta ci kofi, kuma irin wannan musaya an yi mana ita a gaban idonmu, don haka bari in gaya maka abin da na gani.

Saboda 'yan'uwa da suka fi sanin ƙwallon ƙafa, ga yadda abin yake a besbol. Galibi ba a sayar da ɗan wasa a karɓi tsabar kuɗi kamar a Turai, mutum ake bayarwa a karɓi mutane. Ɗan wasa idan ya hau babbar gasa, ƙungiyarsa ce ke da iko da shi har shekara shida. A ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa, wanda a 2025 dala 760,000 ne, sannan albashin ya riƙa hawa, bayan shida ɗin ya zama ɗan kansa, ya je inda ya ga dama. Shi ya sa shugabannin ƙungiyoyi ke son yara: shekara shida na aiki a farashi mai sauƙi. Kuma a nan ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Ƙungiya za ta iya shan kashi sau ɗari a cikin wasanni 162, badi ta dawo gurbinta. Wannan ne ya ba masu ƙungiyoyi damar rushe komai su ce mana gini suke yi.

To ga abin da ya same mu. A 2019 muka doke Houston muka ɗauki World Series, wato kofin zakarun babbar gasa, Juan Soto yana cika shekara 21 ana tsakiyar wasannin. A 2022 aka yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15, ya ƙi. Ranar 2 ga Agusta aka tura shi San Diego tare da Josh Bell, aka karɓo mutum shida: CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell, Jarlin Susana da Luke Voit. Bayan 'yan kwanaki San Diego ta zo filinmu. Da Soto ya fito zai yi bugun farko sanye da rigar wasu, duk filin ya miƙe ana tafi, ya cire hularsa ta kwano ya ɗaga mana. Kusa da ni akwai wani yaro sanye da riga mai lamba 22, yana ta tambayar babansa me ya sa Soto yake wancan ɓangare, uban ya rasa abin da zai ce masa. Wannan asara ce da ba ta shiga lissafin masu ofis, amma asara ce.

Duk da haka ba zan ce an yi kuskure ba. A shekarar wasanni 107 muka faɗi. Da Soto ko babu Soto ba inda za mu je. Kuma an samu mutane na gaske: Abrams ya shiga wasan taurari a 2024, Wood da Gore suka shiga a 2025. Wood na je na kalle shi a Fredericksburg yana ƙaramar gasa, dogo ne ƙwarai, idan ya tsaya a wurin bugu sai mai cafewa ya koma kamar ƙaramin yaro a bayansa, kuma ƙarar sandarsa daban take da ta sauran. A 2025 ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 31, bugun da mai bugu ya fi nema. Da wuya ka samu musayar tauraro da ta yi albarka kamar wannan.

Amma ka duba sakamakon. Wasanni 71 muka ci a 2023, 71 a 2024, 66 a 2025. A Yulin 2025 aka sallami Mike Rizzo, mutumin da ya ƙulla musayar, tare da koci Dave Martinez. Wato an ci riba a cinikin, ƙungiyar kuma tana nan a ƙasa. Yara uku nagari ba sa zama ƙungiya idan masu ita ba su kashe kuɗi sun kewaye su da mutane ba. Soto kuwa ya bi ta Yankees ya buga World Series a 2024, sannan Mets ta ba shi dala miliyan 765.

Abin da nake so ka riƙe daga labarin Soto shi ne dalilin da ya sa aka biya mu da tsada haka. Yana da shekara 23, kuma San Diego tana sayen Oktoba uku ne, watan da ake wasannin neman kofi, na 2022 da 2023 da 2024. Skubal shekara ɗaya ta rage masa. Wanda ya ce maka Detroit za ta samu irin abin da muka samu, bai duba kasuwa ba. Farashin mai shekara ɗaya shi ne abin da Boston ta karɓa a kan Mookie Betts a Fabrairun 2020: Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong. Downs, wanda aka fi sa wa rai a cikin yaran, sun sake shi a ƙarshen 2022. Verdugo ya yi 'yan shekaru aka tura shi Yankees. Betts ya sa hannu da Dodgers na shekara 12, ya ɗauki kofi a 2020 da 2024 da 2025. Har yau ka taɓa wa mutumin Boston wannan zance sai ransa ya ɓaci.

Ba ma sai ka je Boston ba, ƙanena, ka tambayi dattawan da ke zama kusa da kai a filinku na Comerica Park. Ranar 31 ga Agustan 2017 Detroit ta ba Houston Justin Verlander, ta karɓi Franklin Pérez, Daz Cameron da Jake Rogers. Pérez shi ne babban kayan, mai jifa ne da kowa ke yabo, ciwo ya hana shi sakat, bai taɓa taka babbar gasa ba. Cameron bai zauna ba. Rogers ne kawai ya tsaya, mai cafewa mai amfani amma ba tauraro ba. Verlander ya ɗauki kofi bayan wata biyu. A wannan bazarar aka ba Arizona J.D. Martinez a kan yara uku, ba ɗaya da ya zama ginshiƙi. A 2019 Tigers ta faɗi wasanni 114, kuma daga 2015 har 2023 ba ta leƙa wasannin Oktoba ba. Garinku kuma ya taɓa cin moriyar abin ta ɗaya gefen: a Disamban 2007 Marlins ta ba ku Miguel Cabrera da Dontrelle Willis ta karɓi yara shida, har da Cameron Maybin da Andrew Miller waɗanda ake ganin su ne gobe. Kai ma ka san abin da Cabrera ya zama a Detroit.

Jerin sunayen yara da ake wallafawa kowace shekara hasashe ne. Tsakanin yaro ɗan shekara 19 da babbar gasa akwai matakai huɗu, a kowane mataki ana zubar da mutane, kuma gwiwar hannun mai jifa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Shi kansa Skubal a zagaye na tara na zaɓen sababbin 'yan wasa aka zaɓe shi a 2018 daga Jami'ar Seattle, bayan an ɗauki mutum sama da ɗari biyu. Idan masu zaɓe ba su gane shi ba a lokacin, da wane tabbaci za a ce waɗanda za a karɓo a madadinsa za su kai shi? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu bari in faɗi hujjar masu cewa a bayar da shi, domin ba marasa hankali ba ne. Wakilinsa Scott Boras ne, wanda kusan kullum yake kai mutanensa kasuwa. Mafi girman kwantiragin mai jifa zalla shi ne dala miliyan 325 da Dodgers ta ba Yamamoto, kuma Skubal, bahagon da ya ci Cy Young, kyautar gwarzon mai jifa na shekara, sau biyu a jere, zai nemi abin da ya kai haka ko ya wuce. Idan ya tafi, abin da Detroit za ta samu gurbi ɗaya ne kacal a zaɓen sababbin 'yan wasa. An yi masa aikin gwiwar hannu yana jami'a, an sake yi masa aiki a hannun a 2022, kuma jifa ɗaya ta isa ta mayar da darajarsa ƙasa. Mu a Washington mun san zafin wannan: an ba Stephen Strasburg dala miliyan 245 bayan kofin 2019, daga nan 'yan wasanni kaɗan ya iya jefawa har ya ajiye. Suna kuma kawo misalin Milwaukee, wadda ta ba Baltimore Corbin Burnes a Fabrairun 2024 yana da shekara ɗaya, ta karɓi Joey Ortiz da DL Hall da gurbin zaɓe, kuma ta lashe rukuninta a shekarar da wadda ta biyo baya. Burnes kuwa ya tafi Arizona, a 2025 gwiwar hannunsa ta tsinke. Wannan misali na gaskiya ne, ban raina shi ba. Akwai ma tsofaffin musayoyi da suka gina ƙungiya, kamar lokacin da Texas ta ba da Mark Teixeira a 2007 ta samu Elvis Andrus da Neftalí Feliz, ta je World Series a 2010 da 2011.

Inda na rabu da su shi ne halin da Detroit take ciki. Texas ta 2007 da Washington ta 2022 ba su da abin da za su rasa. Ku kuwa shekara biyu a jere wasa ɗaya ne ya raba ku da zagayen kusa da na ƙarshe. A 2024 Cleveland ta fitar da ku a wasa na biyar. A 2025 Seattle ta fitar da ku a wasa na biyar da ci 3 da 2 bayan turmi 15 (tara ake yi a al'ada), a daren da Skubal ya sallami masu bugu 13 da jifarsa a turmi shida. Kafin nan, a zagayen farko na 2025 ɗin, ya sallami 14 a wasan farko da Cleveland. A Oktoba jerin wasanni gajere ne, na uku, na biyar ko na bakwai, kuma a na biyar da na bakwai mai jifa irinsa yana iya fitowa sau biyu. Ƙungiyar da take da shi tana shiga kowane jeri da ƙafar dama ko da abokiyar karawarta ta fi ta kuɗi. Milwaukee ta yi fice wajen ƙera masu jifa daga waɗanda wasu suka yar, ita ma kuma ba ta kai World Series ba a shekarun biyu.

Sannan Detroit ba yara ta rasa ba. A 2025 Kevin McGonigle da Max Clark suna cikin waɗanda aka fi yabo a duk ƙananan gasanni, Riley Greene yana nan. Duk wahalar da kuka sha daga 2017 an sha ta ne don a kai ga rana irin ta yau. Idan aka iso wurin kuma aka sake miƙa gwarzon a karɓi alkawarin 2029, to yaushe za a ci? Rabon garinku da kofi tun 1984. Mu a 2019 Anthony Rendon yana shekararsa ta ƙarshe, mun fara kakar da nasara 19 da faɗuwa 31, ana ta kiran a sayar da mutane. Ba a sayar ba. Ya tafi Angels bayan kakar, amma ya bar mana kofi, kuma ban taɓa jin ɗan Washington ya ce da ma an musanya shi ba.

Abin da ya kamata ku matsa wa iyalan Ilitch masu ƙungiyar da Scott Harris shugaban harkokin 'yan wasanta a kai shi ne su yi masa tayi na gaske, kuma ko ya karɓa ko bai karɓa ba su ƙaro mai bugu ɗaya ko biyu da ƙarin masu jifa a wannan hunturu. Riƙe Skubal ba tare da an ƙara masa mataimaka ba shi ne mafi muni a cikin duk hanyoyin, domin za a rasa yaran a rasa kofin.

Sharaɗi ɗaya nake da shi. Kasuwar musaya ba ta rufewa sai ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Idan lokacin ya zo Tigers tana can baya sosai, ba alamar za ta samu ɗaya daga cikin gurabe shida na ɓangarenta, to a bayar da shi ba tare da jinkiri ba. Angels ta ƙi yin haka da Shohei Ohtani a 2023, ta gama da nasara 73 da faɗuwa 89, ya tsallaka Dodgers a kan dala miliyan 700. Farashin Yuli zai yi ƙasa da na yanzu, na yarda, amma masu neman kofi a Yuli idonsu a rufe yake, za su biya. Idan ta kai ga haka, ka duba waɗanda aka karɓo: a nemi mutum biyu da suka riga suka nuna kansu a mataki na sama, aƙalla ɗaya mai bugu, maimakon yara biyar 'yan shekara 18 da ba wanda ya san yadda hannunsu zai kasance bayan shekara huɗu.

Allah Ya ba ku sa'a a kakar da ke tafe.