Likita na amsawa: karatu ta waya, ƙarancin barci da fargabar jarrabawa

Wata uwa daga unguwar Bukoki, Yamai: Likita, ɗiyata na shirin BAC, jarrabawar kammala sakandare, kuma malamansu na turo darussa ta WhatsApp. Takan kai ƙarfe biyu na dare tana riƙe da waya, ta tashi da ciwon kai, makinta kuma sai raguwa yake yi. Ƙyuya ce ko ciwo?

Hajiya, yarinyar da ke kai ƙarfe biyu a kan darasi ba ta da ƙyuya, barci ne take bin bashi. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Hasken waya yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke kawo barci, ga saƙonnin da ke shigowa ba ƙaƙƙautawa suna raba mata hankali. Ta sauke darussan da yamma, ta kwafe su da hannunta a littafi, sannan ta ba ki wayar awa guda kafin ta kwanta. Ta kuma yi koyi da ɗan makarantar allo, wanda ke kife allonsa ya kawo hadda da ka, domin abin da mutum ya tuno da kansa ya fi zama fiye da wanda ya yi ta kallo. Idan ciwon kan ya haɗu da amai, zazzaɓi ko dishi-dishin gani, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wani ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani, Tahoua: Nakan yi karatuna ni kaɗai ta intanet kuma ina ganewa, amma da an raba takardar jarrabawa sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe da zufa, komai ya ɓace mini.

Ɗana, wannan tambaya ta taɓa ni, domin ɗalibai da yawa na ɓoye irin wannan hali don kunya. Idan tsoro ya zo, jiki na sakin wasu sinadarai masu suna adrenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tuno abu kuma ya yi rauni na ɗan lokaci. Ilimin yana nan, ƙofarsa ce ta cije. A 1990 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka bayyana wata basira, wato mutum ya gane abin da ke motsi a ransa, ya kira shi da sunansa, ya iya sarrafa shi. Ana koyon ta kamar kowace sana'a. Idan fargabar ta taso, ka ajiye alƙalami, ka ce a ranka tsoro ne kuma zai wuce, ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, sau biyar, sannan ka fara da tambayar da ta fi maka sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicin da ka ambata, domin wanda ke karatu daga shi sai waya yakan zaci kowa ya wuce shi. Ka nemi abokai biyu ko uku ku riƙa zama kuna yi wa juna tambayoyi. Idan baƙin ciki, rashin barci ko rashin cin abinci suka wuce mako biyu ka ga likita, idan kuma tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka faɗa wa wani babba ka je asibiti a ranar.

Wani ɗalibi daga Yamai: Shayi da tramol na taimakawa wajen karatun dare?

Shayin fada mai kauri na ɗauke da kafeyin, sinadari mai hana barci, wanda kusan rabinsa na nan a jini bayan awa 5, saboda haka kada ka sha bayan la'asar. Tramol kuwa maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita kaɗai ke rubutawa. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana iya jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Idan ka riga ka saba da shi, kada ka yanke lokaci guda, ka zo asibiti a rage maka shi sannu a hankali.